Ta Hagu

A garajin Nomau, bayan tashar motocin Abalak,
na kwanta rigingine ƙarƙashin motar Abarshi,
baƙin mai yana ɗiga kusa da kunnena.
Nan na fara ganin ta:
sanda ɗaya ta ƙarfe, ba lanƙwasa, ba ado,
kai ɗaya a kafe cikin ƙashin mota,
ɗayan a hammatar taya.

Na ce, Maigida, ina abin da ke ɗaukar nauyin?
Ya ce, shi kake kallo.
Murɗe ta aka yi, kamar yadda mai wanki ke murɗe zane,
sai dai ita ba a taɓa shanya ta ba.

Shekara goma sha bakwai
albasar Tamaske ke hawa kanta,
buhu bisa buhu, ƴan lodi uku a can sama,
da akuyar da wani ya roƙa a sauke masa a hanya.
Nomau ya ce rami ba shi ne abin ba.
Rami ta san shi: ta duƙa, ta miƙe, ta wuce.
Dare ne.
Abarshi ba ya sauke kaya sai da asuba.
Inji ya huce, direba yana minshari,
karnukan Wadata sun gaji da haushi,
ita tana nan a murɗe.
Ko babu buhu ko ɗaya, motar ma kaya ce.

Ba ta ƙara, ba ta kuka.
Sauka take yi, kaurin zare a shekara,
har wata safiya ka ga mota ta sunkuyar da kai
kamar wanda ya yi kiciɓis da mai bin sa bashi.
Sai mu shiga da sifana,
mu ɗaure noti zagaye uku, zagaye huɗu,
mota ta ɗago, mai ita ya biya jaka ɗaya yana murna.
Ba ma gaya masa cewa ba ƙarfi muka ƙara mata ba,
murɗa ce.
Na ƙirga zaren da ya rage a ƙusar: shida.

Rannan na ce, Maigida, ni na ga dabara.
Mu ciro ta hagu mu mai da ita dama,
murɗar ta warware, ta sha iska.
Ya tofa yawu a gindin sandar, ya goge da babban yatsa,
harafi ɗaya ya fito daga cikin tsatsa.
Ka gani? Ta hagu ce, tun daga maƙera.
Nan ta koyi wahalarta, nan ƙarfinta ya kwanta.
Juya ta don tausayi,
kafin Badagishiri za ka ji tas.

Da magariba na iske Baba a zaure.
Shekara talatin ya yi dako a Abijan,
duk ƙarshen wata kuɗinsa na riga wasiƙarsa isowa.
Bara muka ce ya isa, ni da Tsahara,
zauna, Baba, mu za mu ɗauka.
Tun ranar yake bin inuwa da tabarma,
hura ba ta wuce masa ludayi biyu.
Likita ya duba, bai ga kome ba.

Na daɗe a bakin ƙofa, hannuna baƙi ƙirin.
Na ce, Baba, hatsin gidan nan ya fi ƙarfin lissafina.
Tiya nawa za ta kai mu kaka?

Bai amsa ba.
Ya laluba takalminsa da ƙafa,
ya ce in kawo fitila,
da mabuɗin ɗakin hatsi,
kuma in daina barin buhu a ƙasa, gara na ci.